Darussan Baban Lissafi

Maganar ta iske Uwar Kati ne a tsakar gida, tana ɗaure ƙafar tabaronta da zaren ɗinki. Matar ɗanta, wadda ke aikin buga takardu a kwalejin horar da malamai, ita ta shigo da ita tun kafin ta ajiye jaka.

"Umma, kin ji abin da 'Yar Alli ta yi?"

"Ta haihu?"

"Ina ma haihuwar ce. Sata ta yi. Darussan Baban Lissafi, Allah ya jiƙansa, guda sittin da uku, ta kwashe ta liƙa musu sunanta. Har ƙarin girma ta samu da su. Ɗansa ne ya gani ya kawo ƙara. Jibi kwamiti zai zauna, an ce korarta za a yi."

"An ce. Wa ya ce?"

"Kowa ma. Kuma ba ji-ta-ji-ta ba ce, yana nan a rumbu, sunanta ɓaro-ɓaro. Ai na'ura ba ta ƙarya, Umma."

Tsohuwar ta ciji zaren ta tsinke shi. "Haka aka riƙa ce wa takarda a zamaninmu. Da idona na ga takardar da ta kashe mutum, shi kuwa yana zaune gabana yana shan shayi."

Shekara talatin da ɗaya Uwar Kati ta yi tana riƙe da ɗakin karatun kwalejin, kafin ta yi ritaya shekara biyu da suka wuce. Sunan ya samo asali ne tun lokacin da kowane littafi ke da ɗan katinsa a aljihun kabad, ita kuma ta fi kowa sanin inda kowane kati yake kwana. Ta san Baban Lissafi tun gashinsa na baƙi. Mutum ne da zai koyar da raba lamba da ɓawon lemo, ɗalibi ya fita yana jin kamar da ma can ya iya. Ta san 'Yar Alli ma, ɗalibarsa ce da ta dawo ta zama malama, kullum gefen mayafinta fari fat da ƙurar allo. Da idon tsohon ya fara mutuwa, ita ke riƙo hannunsa su hau matakala.

Rumbun da ake magana kuwa, shi ne wanda kwalejoji bakwai suka haɗa. Da can kowace tana da nata ma'ajin darussa a kwamfuta, kowane da irin tsarinsa, wannan ba ya jin maganar wancan. Sai aka daidaita su a kan tsari ɗaya, ta yadda malamin da ke can nesa zai buga kalma biyu, darasin da aka rubuta a nan ya faɗo masa. Ana cikin haɗin ne ta bar aiki.

Washegari ta ɗauki lemarta ta hau mota. A hanya ta gama shirya abin da za ta faɗa wa Injiniya, mai kula da kwamfutocin kwalejin. Ta san irin aikin yaran zamani, a danna a wuce. Za ta zaunar da shi, ta nuna masa inda ya yi aika-aika, ta wanke yarinyar mutane, ta dawo gida kafin rana ta take. Har wani ɗan daɗi ta ji.

Ɗakin karatun yana nan da warinsa na tsohuwar takarda da man goge tebur. Kabad ɗin katinta ma yana nan a lungu, sai dai da ta jawo aljihu ɗaya, wayoyin caji ta gani a cukurkuɗe. Ta mayar da shi a hankali.

"Mama! Yau wace rana!" Injiniya ya taso daga bayan kwamfutoci uku, yana share kujera da hannun rigarsa. "Ko kin zo karɓar kujerarki ne? Wallahi mun gaji, ki dawo."

"Kai dai bakinka ya fi hannunka aiki. Buɗe min darussan da ake ta surutu a kansu."

Murmushin ya ragu a fuskarsa. Ya buɗe. Ta gyara tabaro ta matso. Ga darasi na farko, raba lamba da ɓawon lemo, maganar Baban Lissafi ce tsaf, har da "to, 'yan uwa" ɗin da yake fara kowane bayani da ita. A samansa, gurbin da aka rubuta "wanda ya rubuta", sunan 'Yar Alli. Gurbin ƙasansa, "wanda ya ɗora", babu komai.

"To. Wa ya buga sunan nan a nan? Ita?"

"A'a. Ba ta da ikon taɓa wannan gurbin. Daga tsohon ma'ajinmu ya taho, ranar da aka kwaso komai."

"Ka faɗa wa kwamiti haka?"

"Na faɗa. Suka ce to, ke nan tun a tsohon ma'aji ta sa sunanta, tun mutumin yana da rai. Abin ya ƙara muni."

"Kai da ka yi kwasowar, ba ka duba abin da kake zubawa a ina ba? Haka ake aiki? Buhu ne?"

Injiniya ya sosa ƙeya. Ya dubi ƙofa, ya dubi silin. Sannan ya tashi ya buɗe durowar ƙarfe, ya ɗauko wani koren fayil, ya ajiye gabanta ba tare da ya buɗe ba.

"Mama, ni ban so a kai nan ba."

Takarda ɗaya ce a ciki, an raba ta gida biyu. Hagu, guraben tsohon ma'aji. Dama, guraben sabon rumbu. Tsakaninsu kibiyoyi, kowace na nuna inda abu zai koma. Tsohon ma'aji gurbin suna ɗaya gare shi. Sabon yana da biyu. An ja kibiya da jan biro daga wancan guda ɗayan zuwa "wanda ya rubuta". A ƙasa ga sa hannu, da wata doguwar jela da ta san ta kamar tafin hannunta.

Ba ta buƙaci a tuna mata ba. Ranar ta dawo mata da kanta.

Makonta na ƙarshe ne a aiki. Tebur cike da kwalaye, mutane na shigowa yi mata sallama, mai hoto na jira a waje. Injiniya ya shigo da wannan takardar ya ce gurbin suna ɗaya ne a nan, can biyu, ina za a kai shi? Ta ce marubuci mana. Ya tsaya. Ya ce, "Mama, kin tabbata duk sunan da ke ciki na marubuci ne?" Ta ɗago ta dube shi ta saman tabaro, a gaban mutane, ta ce tun kafin a yaye shi take jera sunayen marubuta, in yana da sauran tambaya ya kai wa wanda ya koya masa. Aka yi dariya. Ta karɓi jan bironsa ta ja kibiyar da hannunta.

Alhali ita ta kafa dokar. Tun ranar da aka fara ajiye darussa a kwamfuta ta ce wa ma'aikatanta, duk wanda ya kawo abu, sunansa za a sa. Dalilinta mai kyau ne a lokacin. In darasi ya ƙi buɗuwa, ko shafi ya ɓace, tana son ta san ƙofar da za ta buga. Haka ta saba tun zamanin kati, littafi na hannun wanda ya sa hannu. Kusan kowa nasa yake kawowa, don haka mai kawowa da mai rubutawa mutum ɗaya ne, dokar ta yi shekaru ba ta ciji kowa ba, har ita mai dokar ta daina ganinta.

Sai Baban Lissafi. Shi yana faɗa, 'Yar Alli na bugawa, ta karanta masa ya gyara, ta kawo ɗakin karatu. Uwar Kati ta sha karɓa daga hannunta. Har tsokanarta take yi, "Ke da tsohon nan naki ba kwa gajiya?"

"Mutum nawa abin ya shafa?" ta tambayi Injiniya.

"Na bincika bayan an kawo ƙara. Daga ita sai wasu biyu, darasi ɗai-ɗai, da suka kawo wa abokan aiki da ke kwance asibiti." Ya yi 'yar dariyar da ba ta kai ciki ba. "Wanda bai taɓa taimakon kowa ba dai lafiya lau ya fita."

"Ƙarin girman fa?"

"Ai shi ne amfanin haɗin, Mama. Na'urar ofishin ma'aikata ma tana jin maganar rumbu. Da lokacin duba ma'aikata ya zo, ta tambayi rumbu darasi nawa kowa ya rubuta, rumbu ya ce wannan tana da sittin da uku bayan nata. Ba wanda ya ɗaga biro."

"Ka san wannan duka, ka yi shiru?"

"Na ce musu daga tsohon ma'aji ne. Dokar sunan mai kawowa kuwa ba a rubuce take ba, a bakinki take. Waɗanda suka yi aiki da ke duk sun watse. In na faɗa, za a ce ina kare kaina ne da tsohuwar da ba ta nan. In na fito da takardar nan kuma..." Ya kalli sa hannun, ya kawar da kai. "Ke kika tsaya min aka ɗauke ni aiki."

Ta sake kallon jar kibiyar. Fanka na juyawa a sama tana ƙara kamar mai ciwon gwiwa.

"Akwai hanya," ya ce, ya rage murya. "Minti biyar ne. In sauya sunan yanzu, kafin gobe duk kwalejoji bakwai sun ɗauka, gyara ma yawo yake kamar yadda kuskure ya yi. Sai in ce matsalar na'ura ce. Na'ura ba ta da fuskar da za ta ji kunya."

"Rumbu ba ya rubuta ranar da aka taɓa abu?"

"Yana rubutawa."

"To za su ga an sauya ana gobe zaman kwamiti. Me za su ce?"

Ya janye hannunsa daga kwamfutar.

"Za su ce ta ji wuta ta lallaɓo ta roƙe ka. Ku biyu ke nan a cikin laifin." Ta rufe fayil ɗin. "Kada ka taɓa komai. Ba ni wannan."

"Me za ki yi da shi?"

"Ban sani ba," ta ce. Gaskiya ta faɗa.

An dakatar da 'Yar Alli daga shiga aji, an ba ta wani ɗan ɗaki a ƙarshen baranda, inda ake tara karyayyun kujeru, wai ta riƙa duba takardun jarrabawa kafin a yanke hukunci. Uwar Kati ta same ta a can. Abin da ta fara lura da shi, mayafin tsaf yake, ba ɗigon alli ko ɗaya.

"Gwaggo!" Ta miƙe da sauri ta rusuna. "Ke ce da kanki? Zauna a nan, wannan ce kaɗai mai ƙafa huɗu."

"Ya kike, 'yar nan?"

"Ga ni dai. Na zama abin kallo. In na shiga ɗakin malamai sai kowa ya tuna yana da aji." Ta yi murmushi, idonta ya kawo ruwa. "Na ce musu ɗorawa kawai na yi. Suka ce to me ya sa kika karɓi ƙarin girma? Wallahi Gwaggo na ɗauka shekaruna ne suka kai. Shafin farko na sa wa hannu, ban buɗe jerin da ke baya ba. Wannan kam laifina ne, na yarda."

Fayil ɗin na cikin jakar Uwar Kati, a kan cinyarta. Tana jin kaifin gefensa ta cikin fata.

"Korar ba ta fi damuna ba. Ɗansa ne. Yaron da na goya. Ya tare ni a bakin ƙofa ya ce, 'Ashe jagorar da kike wa Baba, hanyar aljihunsa kike nema.' Matar Baba kuma, da nake kai mata gaisuwa duk ƙarshen wata, ta aiko a ce min in huta." Ta share ido da bayan hannu. "Ni abin da na kasa ganewa, ta ina sunana ya hau can? Na yi tunani har kaina ya yi ciwo. Har na fara cewa ko na danna wani abu ne ban sani ba."

Ga ƙofa a buɗe. Kalma biyar ta isa. Uwar Kati ta buɗe baki, ta kasa cewa ita ce ta jawo. Ita da ta yi shekara talatin tana gyara wa shugabanni rubutu.

"Allah zai bayyana gaskiya," ta ji kanta tana cewa.

"Amin, Gwaggo. Kin san ke kaɗai kika tako nan? Ke kaɗai. Ba zan manta miki ba."

Ta rako ta har bakin matakala, ta riƙe mata gwiwar hannu kamar yadda take riƙe wa Baban Lissafi. Uwar Kati ta so ta fizge hannun, ba ta iya ba.

A gida ta ce ba ta jin cin komai. Ta zauna a falo, lemar na jingine da kujera, tana fuskantar allon yabon da aka ba ta ranar sallama, wanda ɗanta ya kafa a bango da ƙusa biyu. An rubuta cewa a shekara talatin da ɗaya ba a taɓa neman abu a hannunta an rasa ba. Ta daɗe tana son wannan layin. Baƙi in sun zo, takan bari su karanta da kansu, ita kuma ta yi kamar tana neman wani abu a jaka.

Zuciya ta shiga kawo mata shawara, kuma shawarar ba ta wauta ba ce. Ai ba da gangan ba. Ai shi Injiniya ne ya kamata ya nace. Ai waɗanda suka tsara rumbun su ya kamata su zo su tambayi yadda kowane gida ke aiki kafin su haɗa bututu da bututu. Ai yarinyar ma ta sa hannu ba ta karanta ba. Duk gaskiya ne. Ta jera su ɗaya bayan ɗaya kamar kati, ta duba, ta ga ba ko ɗaya da zai mayar da 'Yar Alli aji.

"Umma, kin gano ɓarawon?" Matar ɗanta ce ta leƙo, da tsokana a muryarta. "Ko na'urar ce ta yi ƙarya?"

"Na'ura ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka faɗa mata ta maimaita." Ta cire tabaron, zaren ya warware, ƙafar ta faɗi ƙasa. Ba ta sunkuya ba. "Gobe ƙarfe nawa za su zauna?"

"Goma. Ina ruwanki da zamansu?"

"Ki tashe ni da wuri. Tare za mu fita."

Ɗakin taron yana da dogon tebur da aka lulluɓe da koren ƙyalle, da gorunan ruwa da ba wanda ya buɗe. Mutum biyar na kwamiti a gefe ɗaya. Shugaban kwalejin a tsakiya, wanda ta taɓa ci tara yana ɗalibi saboda ya riƙe littafi wata uku. 'Yar Alli a kujera ita kaɗai, hannuwa a cinya. Ɗan marigayin a can ƙarshe, da tarin darussan da ya buga a takarda, ya ja layi a ƙarƙashin sunan a kowane shafin farko. Yana da goshin ubansa sak. Injiniya na tsaye a jikin bango, da ya gan ta sai ya sunkuyar da kai.

"Mama, sannu da zuwa," in ji Shugaba, ya ɗan tashi. "Sai dai zaman na sirri ne. Ko za ki jira mu a ofis, a kawo miki shayi?"

"Na sha. Magana gare ni a kan abin da kuka taru."

"In roƙo ne, Mama, da kin bari. Duk mun san kina son yarinyar. Amma abin a rubuce yake, mun gani a rumbu, kwalejoji bakwai sun gani."

"Sun ga abu ɗaya sau bakwai. Ba shaida bakwai ba ne."

Ɗan marigayin ya ɗago. "Gwaggo, da girmanki. Ke ma Baba ya yarda da ke. Kar ki zo ki rufa wa ɓarauniya asiri."

"Ya yarda da ni, ɗana. Shi ya sa ka zauna ka ji."

Ta tako zuwa teburin. Ta jingine lemar, ta buɗe jaka, ta fito da koren fayil ɗin, ta buɗe shi a gaban Shugaba, ta juya masa takardar daidai yadda zai karanta. Ta ɗora yatsa a kan jar kibiyar, sannan ta sauke shi kan sa hannun. Ba ta kalli Shugaba ba. Wajen 'Yar Alli ta juya, ita kuma tana kallonta da wannan fuskar ta jiya, ta mai godiya.

"Baban Lissafi ne ya rubuta darussan nan sittin da uku. Ita buga masa ta yi ta kawo, domin ba ya gani. A tsohon ma'aji sunan mai kawowa muke sawa, ni na kafa dokar. Da za a haɗa rumbu Injiniya ya tambaye ni har sau biyu, na ce a zuba sunayen a gurbin marubuci. Wannan kibiyar ni na ja ta, wannan sa hannuna ne. Tun jiya na sani, na zauna da ita ban faɗa mata ba. Ba ta saci komai ba."